Jijiyar katako a tsaye: gaskiya ce ko camfi?

Mai Jita, Samaru: Salamu alaikum jama'a. Fuskar jitata ta kumbura, na zura madubi ciki na ga haƙarƙari ɗaya, wato sandar katakon da ke tallafe fuskar daga ciki, ya tsage. Mai gyara ya ce dole sabon ya zama katakon spruce, wani itacen ƙasashen sanyi, jijiyarsa kuma, wato layukan da ke jikin katakon, a tsaye. Ni dai na ce camfi ne. Ga madaci birjik a Sabon Gari, ya ma fi ƙarfi.

Baba Kafinta, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Yaro, ba gado kake haɗawa ba. Fuskar nan ita ce fatar gurminka, ka ɗora mata nauyi ta yi gum. Madaci na wuya ne da baya. Spruce ba nauyi, ga tauri.

Ɗalibin Injiniya, ABU: Baba, maganar nauyi na yarda. Amma tsayuwar jijiya ba ta ƙara wani taurin a zo a gani. Tudun sandar ke aiki: ka ninka tudu, tauri ya ninku takwas, ka ninka faɗi, biyu kacal.

Baba Kafinta: Lissafinka bai taɓa kwana cikin hunturun Zariya ba. In jijiya na tsaye, gefen da ke manne da gam shi ne mai ƙarancin motsi.

Ɗalibin Injiniya: Allah ya huci zuciyar Baba, sandar da faɗinta bai kai santimita 1 ba, ina za ta motsa?

Mai Gyara, Sabon Gari: Ni ne wanda ake ƙara. Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Abin da ya tsaga nasa, zarto ne ya yanke jijiya a karkace. Tsirkiyar ƙarfe shida na ja da kusan kilo 70, ta roba wajen rabin haka, shi ya sa gicciye haƙarƙari biyu kamar X, wanda kamfanin jita na Martin ya yaɗa, ya zauna wa jita mai tsirkiyar ƙarfe. Sandar da jijiyarta ta fita ta gefe, nan za ta buɗe. Ni faskarawa nake yi, itacen ya bi hanyarsa, sannan na fere. Wanda aka faskara a kwance ya fi mini yankan zarto a tsaye.

Mai Jita: To ashe ba dole ba ne a tsaye!

Mai Gyara: Ban ce ba. A tsaye zan sa, ya fi daɗin ferewa.

Baba Kafinta: Kun gani ko.

Mai Jita: To spruce ɗin fa, a Zariya?

Mai Gyara: Akwai wata matacciyar jita a shago, zan ciro. Sassauta tsirkiyarka yanzu, ka kawo ta bayan la'asar.