Wa ke bin sawun kuɗin ambaliya?

Mai Koko ta Nima:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Daminar bara babbar gota, wato magudanar ruwa, a nan Nima cikin Accra ta cika ta shigo mana har ɗaki. Katifa biyu, buhun gero da firji, duk sun tafi. Bayan kwana uku wasu suka zo da littafi, suka rubuta sunana, suka ɗauki hoton bango. Abin da na gani shi ne bokiti ɗaya da gidan sauro. Ba bokitin ne damuwata ba. A rediyo muna jin ana ambaton miliyoyin sidi, to wa ke duba inda suke shiga?

Malamin Makaranta, Mamobi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. A takarda kam akwai masu dubawa. Odita Janar na Ghana ke binciken asusun hukumomi, ya kai rahoto Majalisa, sannan kwamitin kula da asusun gwamnati, wanda ɗan adawa ke shugabanta, ya kira su ya titsiye su a gaban talabijin. Sashe na 187 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ba Odita Janar ikon sa wanda ya ɓarnatar da kuɗi ya biya daga aljihunsa, kuma a 2017 Kotun Ƙoli ta umarce shi da ya riƙa amfani da ikon. Matsalar ita ce jinkiri. Rahoton kuɗin korona sai a 2023 ya fito, an ci an wanke hannu.

Ɗan Sabon Zango:
Malam, ka faɗi na takarda. Tun ranar 3 ga Yunin 2015 da ruwa da wuta suka kashe mutum sama da 150 a Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, ake mana alkawarin yashe kogin Odaw. Da aka saki ruwan madatsar Akosombo a 2023 ya cinye garin Mepe, an sa sidi miliyan 220 a kasafin 2024 don tallafa wa waɗanda abin ya shafa. Sa wa a kasafi daban, sakin kuɗi daban.

Malamin Makaranta, Mamobi:
Shi ya sa ake tambaya a rubuce. Dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ta ba hukuma kwana 14 ta amsa. Hajiya, ku haɗu ku goma, ku sa ɗan asambulinku, wato kansilan unguwarku, a gaba, ku nemi jerin sunayen da aka rubuta bayan ambaliyar da abin da aka rubuta an ba kowa.

Mai Koko ta Nima:
Na gode Malam. Mu a layinmu kaɗai mun fi goma. Ranar Asabar in na sauke tukunya zan aiko yarona ka rubuta mana takardar.