Babanmu ya makance, wa ya halatta ya shiga da shi wurin dangwala ƙuri'a?

Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifinmu ya fi shekara talatin yana sayar da goro a Agege, Legas, bai taɓa fashin zaɓe ba, sai ciwon ido ya raba shi da gani. A zaɓen 2023 ni na ja shi har rumfa, amma wani ejan na jam'iyya ya tare ni wai ba a shiga mutum biyu, ya kama yatsan Baba ya dangwala. Har yau yana tambayata, "Ke, ina ya sa min hannu?" Ni kuwa ban gani ba. Yaya zan yi in zaɓe ya sake zagayowa?

Ɗan Mile 12: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fin ƙarfi aka yi muku. Sashe na 54 na dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ya ba makaho damar zuwa da wanda shi ya zaɓa, har cikin lungun da ake dangwalawa. Ejan ma shi ne ƙa'idar hukumar zaɓe ta INEC ta hana ya raka mai zaɓe. Kuna isa ku nemi shugaban rumfar, Baba ya faɗa da bakinsa, "Wannan 'yata ce, ita nake so." In wani ya yi gardama kar ki biye masa, ki koma gun shugaban.

Maman Yara, Idi-Araba: Ku yi sammako, ƙarfe 8:30 ake buɗewa, kuma ranar ba mota ba okada, sai sayyada. Kar ku shiga layi, masu lalura da tsofaffi da masu juna biyu su ake fara sallama. Ki riƙo masa kujera 'yar tsuguno, don ma'aikata kan makara. Surukata yatsunta sun goge saboda wankau, da fuska na'urar BVAS ta tantance ta.

Wani malami daga Obalende: Akwai kuma kwalin rubutun makafi da ake zura takardar ƙuri'a a ciki, mutum ya shafa ya zaɓa shi kaɗai.

Ɗan Mile 12: Malam, wannan ai sai wanda ya koyi karatun. Dattijon da ya makance da furfura ina zai gane ɗigo-ɗigon nan?

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba, ya yi dariya ya ce ya yarda, amma sai na rantse ba zan gaya wa Inna wanda ya zaɓa ba.