Taura biyu ba ta taunuwa: dole sai an zaɓi ɗaya?

Abban Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa, karin maganar yau ita ce taura biyu ba ta taunuwa. Ni dai a fahimtata Bahaushe yana kallon duniya gida biyu ne, ko ka bi nan ko ka bi can, babu tsakiya. Ku dubi gaba kura baya sayaki ma, biyu ne dai.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Gaskiya Malam ka ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Ba a ce ɗaya mai daɗi ce ɗaya ruɓaɓɓiya ba, duk biyun taura ne, baki ne kawai ba zai ɗauka lokaci guda ba, ka gama da ɗaya sai ka ɗauki ɗayar. Mu muna faɗa wa yaron da yake so ya haɗa makaranta da zaman shago.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta yi gaskiya, amma tambayar Malam babba ce fa. Wani masani ɗan Rasha Yuri Lotman, wanda ya koyar a jami'ar Tartu ta ƙasar Istoniya ya rasu a 1993, ya raba al'adu ta wannan fuskar. A ganinsa al'adar Rasha mai bibbiyu ce, sabo ba ya zama sai ya rushe tsoho har tushe kamar juyin juya halin da aka yi a can a 1917, ita kuwa Yammacin Turai tana da gida na uku, ko an yi juyi wani abu na tsohon tsari yana tsira a ci gaba da shi. Har lahira an kawo misali, Katolika suna da wurin tsarkakewa tsakanin wuta da aljanna, cocin Rasha kuwa babu.

Abban Ummi: To mu a wane layi muke kenan?

Maman Sadiq: Ni dai ban taɓa ganin tukunya ta zauna a kan dutse biyu ba, murhu uku ne. Kuma in miji da mata suka saɓa ai ba a barinsu su biyu, waliyyi ko liman ake kira.

Malam Na Gabas: Ƙari a kan haka, hadisin Nu'umanu bin Bashir da muka karanta a Islamiyya, halal a bayyane take haram a bayyane take, tsakaninsu akwai shubuhohi. Fiƙihu ma hukunci biyar ya kawo ba biyu ba. Abin da ke damuna wallahi shi ne yadda yanzu ake jifan mutum da wannan karin maganar a siyasa, wai in ka yabi aikin gwamna guda ɗaya kuma ka soki wani to kai munafuki ne.

Ɗan Damagaram: Amma Malam akwai inda ta zauna daram, wanda ya karɓi kuɗin 'yan takara biyu ranar zaɓe ɗaya zai dangwala wa, in ya dangwala biyu ƙuri'ar ta lalace.