Mita ta tsaya a 13.3: altaneta ce ta mutu?

Mai Nama: Salamu alaikum. Motar sanyin da nake ɗauko nama da ita daga mayankar Oko-Oba a Legas na sa wa batirin litiyom mai amfiya-awa 200 da regileta ta waje, wato na'urar da ke ƙayyade wutar da altaneta ke cajin batir da ita. An saita ta a bolt 14.2, amma mita ba ta wuce 13.3. Ina matsalar take?

Ɗan Ladipo: Alhaji, altaneta ta gama aiki. Lafiyayya 13.8 zuwa 14.4 take bayarwa, ko yaron gareji ya sani. Akwai tokumbo mai kyau a shagona a kasuwar kayan mota ta Ladipo.

Rewaya: Kai dai kullum kasuwa! Wannan lissafin batirin ruwa ne. Shi yana fara cika bolt ɗinsa ya haura. Litiyom kuwa raƙumi ne a bakin rijiya, duk wutar da altaneta ta kawo zai shanye, mita na nan wajen 13.3, sai dab da cika ta tashi. Ita 14.2 ɗin iyaka ce aka sa wa regileta, ba alkawari ba.

Ɗan Ladipo: To in ya yini yana tuƙi bai cika ba fa, Oga?

Rewaya: Sai a auna, ba a yanke hukunci daga shago. Alhaji, tada injin, taka totur kaɗan. Sa mita a ƙusar bayan altaneta, sannan a kan batir. Ka ari mitar nan mai baki kamar ƙaguwa ka kama wayar caji.

Mai Nama: An yi. Altaneta 13.7, batir 13.3. Amfiya 70 da safe. Bayan gosulon Oshodi na sake aunawa, 35. Kan wayar ma ya yi zafi, ba ya taɓuwa.

Rewaya: Mushe ba ya ba da amfiya 70. Ga 0.4 ta zube a hanya, ko wayar ta yi siriri ko kanta ya yi tsatsa, iskar Legas ba ta barin ƙarfe. A sa mai kauri, a kankare inda wayar bodi ta kama, a kai 'yar wayar da regileta ke jin bolt da ita kan batir kai tsaye.

Injiniya: Faɗuwar 35 ɗin ta fi damuna. A gosulo fankar altaneta ba ta juyawa sosai, ga zafin bonet, ga batir na ja. In an liƙa mata na'urar jin zafi, regileta ce ke rage wuta da gangan don kada koyil ya ƙone. A duba fambel kuma, baƙar ƙura a gaban altaneta alamar sulɓi ce.

Ɗan Ladipo: Kun dawo maganata ke nan. Ta yi masa kaɗan!

Injiniya: Ƙanƙanta daban, mutuwa daban, Malam. Babbar ma in ka ɗora ta kan siririyar wayar nan, 13.3 za ka sake gani.

Rewaya: Nan na ɗan bi Ɗan Ladipo. Firji na ci, batir na ci, altanetar mota ba don wannan wahalar aka ƙera ta ba. Amma waya tukuna. Kuma Alhaji, kada wani ya murɗa regileta sama da 14.6 don mita ta yi kyau. Allon kariyar batirin zai yanke, wutar ta rasa wurin zuwa, dayod ɗin cikin altaneta ya ƙone.

Mai Nama: Oga Rewaya, gobe bayan La'asar zan kawo ta Agege. Ɗan Ladipo, ajiye tokumbon, amma ban ce na saya ba.