Wace kalma za mu ba wa "stream" na Java idan ana lissafin lambobi?

Ɗalibin Java:
Assalamu alaikum, malamai. Ina neman kalmar Hausa da za ta ɗauki ma'anar "stream" kamar yadda Java 8, wani fitowar harshen rubuta manhajar kwamfuta na Java, ta shigo da ita a 2014. Ga misali: jerin maki 12, 7, 30, 7, 19. Idan aka rubuta `IntStream.of(12, 7, 30, 7, 19).summaryStatistics()`, a zagaye ɗaya za a samu adadi 5, jimilla 75, mafi ƙanƙanta 7, mafi girma 30, matsakaici 15.0. To shi wannan abin da lambobin ke bi ta cikinsa, me za mu kira shi? Na ji ana cewa rafi, wasu ƙorama, wasu kuma magudana.

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam. Kafin a zaɓi suna, a fara duba halin abin. Na farko, ba ya ajiye komai. Lambobin suna zaune a jerinsu, shi dai ya ɗebo ya wuce da su, kuma ba ya taɓa jerin na asali. Na biyu, sau ɗaya ake amfani da shi. Ka kira `sum()` a kansa, ka dawo ka kira `max()` a kan shi ɗin dai, Java za ta jefo maka kuskuren `IllegalStateException`. Dalilin da ya sa aka yi `summaryStatistics()` ke nan, ka tara amsoshi biyar a wucewa ɗaya maimakon ka buɗe sabo har sau biyar. Na uku, ba ya motsi sai an nemi sakamako. Ka jera `filter` (mai tacewa) da `mapToInt` (mai mayar da abubuwa lambobi) yadda ka so, ko lamba ɗaya ba za ta gifta ba sai an kira matakin ƙarshe.

Saboda haka ban goyi bayan rafi ba. Bahaushe idan ya ji rafi, wuri yake gani, wurin da za ka je yau ka koma gobe ka same shi yana nan. Wannan ya saɓa wa hali na biyu.

Mai Fassara:
Malam, ina tare da kai kan rafi. Amma ƙorama fa? Tana da jam'i, ƙoramu, kuma a aiki za ka buƙaci jam'in, misali idan ka haɗa biyu da `IntStream.concat`. Magudana kuwa sunan hanyar ce, ruwan da ke bin ta ba ya cikin sunan.

Malam Injiniya:
Ƙorama ma wuri ce, kuma tana gudu ko an nema ko ba a nema ba. Ni kwarara na fi so: "kwararar lambobi". Aiki ne mai farawa ya ƙare, ba ma'aji ba. Batun jam'i kuwa da sauƙi, a ce kwarara biyu, kwarara uku. Magudana kada a yar da ita, a ba wa jerin matakan da ake haɗawa tun daga tushe har matakin ƙarshe, tunda ka ce sunan hanya ce.

Malamar Ƙididdiga:
Kwarara ta zauna mini. Sai dai ina roƙon a kula da sauran kalmomin, don a nan ɗalibai ke tuntuɓe. Matsakaici shi ne jimilla a raba da adadi, 75 a raba 5, ya ba da 15. Lambar tsakiya daban take: a jera daga ƙarami zuwa babba, 7, 7, 12, 19, 30, a ɗauki ta tsakiya, 12. Kada mu kira duka biyun "tsaka-tsaki", ruɗani zai shigo. `IntSummaryStatistics`, wato taƙaitacciyar ƙididdigar da `summaryStatistics()` ke mayarwa, ba ya ba da lambar tsakiya ko kaɗan, kuma akwai dalili: abubuwa huɗu kawai yake riƙewa yayin da lambobi ke wucewa, adadi, jimilla, ƙarami da babba, matsakaicin ma sai an tambaya yake raba su. Lambar tsakiya kuwa sai ka ga lambobin gaba ɗaya, don haka sai an yi `sorted()`, wanda dole ya tara komai a ƙwaƙwalwa kafin ya saki ta farko. Idan adadin mai rabuwa biyu ne, sai a ɗauki biyun tsakiya a fitar da matsakaicinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne kwarara marar komai. Ka tace maki da `filter(x -> x > 100)` a misalin nan, babu wadda ta tsira. Adadi 0, jimilla 0, matsakaici 0.0, amma `getMin()` zai ba ka 2147483647, `getMax()` kuma -2147483648. Ba kuskure aka jefo ba, shiru kawai, lambar ta shige cikin rahoto. Dalilin shi ne daga can ake fara su domin lambar farko da ta shigo ta maye gurbinsu. Kullum a duba `getCount()` kafin a karanta ƙarami ko babba. Shi kuwa `average()` na kwarara kai tsaye `OptionalDouble` yake mayarwa, wanda ke tilasta maka ka yanke abin da za a yi idan babu komai, kuma na fi ganin hikimar haka.

Malam Injiniya:
Gaskiyarki, Malama. A ƙara da ambaliya, wato jimilla ta zarce iyakar abin da ma'ajinta zai iya ɗauka. `IntStream.sum()` yana tarawa ne a `int`, iyakarsa 2147483647. Haɗa 2000000000 sau biyu, zai ba ka -294967296 ba tare da gargaɗi ba. `getSum()` na taƙaitacciyar ƙididdiga a `long`, wanda ya fi `int` faɗi, yake tarawa, zai ba ka 4000000000 daidai. Wanda ya nace sai `sum()`, ya fara sa `asLongStream()`.

Mai Fassara:
Na janye ƙorama. Bari in gwada a jimla, don a nan ake gane ko kalma za ta rayu: "Buɗe kwarara daga jerin, tace ta, mayar da ita kwararar lambobi, sannan ka rufe magudanar da taƙaitacciyar ƙididdiga." Ta bi harshe. Kuma ba ta karo da bidiyon intanet, tunda wancan mun saba cewa watsawa kai tsaye. Saura `parallel()`, me za a ce?

Malamar Ƙididdiga:
Rababbiyar kwarara. Ana raba lambobin kashi-kashi, kowane kashi ya yi nasa lissafin, sannan `combine()` ya haɗa su. Da cikakkun lambobi amsar ba ta canzawa. Da masu ɗigo kuwa, tsarin haɗawar na iya sauya lambobin can ƙarshen ɗigo, duk da gyaran da `DoubleSummaryStatistics` ke yi don rage kuskuren tarawa. Kuma `NaN` (alamar "ba lamba ba ce") ɗaya tak idan ta shiga, jimilla da matsakaici da ƙarami da babba duk sun zama `NaN`. Sai a tace ta tun farkon magudana da `filter(d -> !Double.isNaN(d))`. Kuma a kan lambobi biyar kada ma a raba, wahalar rabon ta fi aikin.

Ɗalibin Java:
Na gode, malamai, Allah ya ƙara ilimi. Na ɗauki kwarara da magudana. Malama, idan jerin na abubuwa ne masu maki a ciki, `Collectors.summarizingInt` zan sa ko `mapToInt`?

Malamar Ƙididdiga:
Amin. Amsa ɗaya suke bayarwa. Idan jimillar kowa da kowa kake so, `mapToInt` sannan `summaryStatistics()` sun isa. Idan rukuni-rukuni ne, sa `summarizingInt` a cikin `groupingBy`, kowane rukuni ya fito da tasa ƙididdigar.