Wai mi za mu ce da "thème" a Hausa? Ni dai riga ta fi kwanta mani

Salamu alaikum jama'a, masu Hausa a baki ku matso ina neman taimako. Kalma guda ce, thème na ordinatar, ta tsaya mani a wuya tun shekaranjiya, kuma ba zaman hira ne ya kawo ta ba, a shago abin ya taso ina tsaye gaban dattijo na rasa ta cewa.

Wani Alhaji ne ɗan kasuwa nan Maradi, tun zamanin Windows XP nike duba mashi ordinatar ɗin da yake lissahin kaya da ita. Ɗanshi ya sawo mashi sabuwa daga Kano mai Windows 11, kwana ukku sai ga shi da ita cikin jaka ya ce yaro mayar mani da irin ta da, wagga ban gane gabanta ba balle bayanta. Na ce Baba mi ya lalace, ya ce ba abin da ya lalace amma koren maɓallin nan na ƙasa hannun hagu mai rubutun démarrer an ɗauke shi, komi ya taru tsakiya, in ya danna dama a kan takarda sai ya sake danna wani wuri kafin ya ga abin da yake nema. Kuma gaskiyarshi, haka Windows 11 ta zo tun fitowarta a Oktoban 2021. Ga kuma madannai irin na Turanci, shi da ya saba da A a sama yanzu Q yake tararwa, amma wannan maganar wata rana ce.

XP ta gaske ba zan sa mashi ba ko da injin zai karɓa. Ta fito a 2001, Microsoft ta daina yi mata gyara tun 8 ga Afrilu 2014, Chrome ma ya rabu da ita a 2016. Mutum mai lissahin kuɗi da intanet a haɗe ba za a ajiye shi cikin ɗakin da ba ƙyaure ba. Sai na yi abin da muka saba, na shiga Paramètres, wurin saitin Windows, na mayar da alamomin ƙasa zuwa hagu, wannan Windows ɗin kanta ta yarda da shi, na sa manhajar Open-Shell don jerin démarrer ya koma irin na da, na ƙara RetroBar ta kawo shuɗin layin ƙasa da koren maɓalli, sannan na ɗora hoton koren tudun nan da sararin sama wanda duk wanda ya taɓa zama a siba ya sani. Hoton ma na gaske ne, wani mai ɗaukar hoto Charles O'Rear ya ɗauke shi a Kalifoniya cikin 1996.

Alhaji ya ga allo fuska ta washe, ya ce madalla ka sa mani XP. Na ce a'a Baba tem ɗin XP ne kawai. Ya ce mi ne ne tem. Na ce wato, wato ta yi kama da XP. Ya ce to ka sa ko ba ka sa ba? A nan na tsaya. Shi ne nike tambaya, abin ga da Faransawa ke cewa thème, na Najeriya su ce tim ko sikin, mu mi za mu ce da shi wanda dattijo zai ji sau guda ya gane waje aka taɓa ciki yana nan sabo?

To amsoshinku sun fara shigowa. Mushe, na ga amsarka, ka ce jigo, kuma haka masu fassara da yawa ke sawa. Da girmamawa ban yarda ba. A adabi daidai ne, jigon waƙa jigon labari, can ne kalmar ta zamna daram. Amma duba mi jigo yake nuhi a bakin Bahaushe: jigon ban ruwa shi ne icen da ke ɗauke da guga, jigon jam'iyya shi ne wanda in ya fita abin ya girgiza, jigon labari shi ne zuciyar maganar. Duk inda ka ji jigo to ainihin abu ne mai riƙe da saura. Tem na ordinatar kuwa kishiyar haka ne sak, shi ne abin da za ka cire yanzu ka jefar injin bai ko sani ba. In na ce ma Alhaji na canza mata jigo ai tabbatar mashi na yi cewa na taɓa tushe, ƙaryar da nike gudu ita zan faɗa da kalma mai kyau. Turawa ne suka haɗa ma'ana biyu cikin kalma guda, ba dole mu bi su ba.

Wanda ya ce fata, na san daga sikin ka ɗauko. Fata ba a cire ta sai da wuƙa, kuma ka ce ma mutum an sake ma ordinatar ɗinshi fata sai ya zata murhin roba ka canza.

Hajiya, kwalliya da ado da kika kawo sun matso kusa ƙwarai, har na so in tsaya nan. Matsalata guda, kwalliya ƙarin kyau ce, ana yin ta don a burge. In yaro ya cika allo da launuka da taurari masu motsi wannan kwalliya ce ba gardama, a bar mata wannan wurin. Amma Alhaji bai zo neman kyau ba, in ma kyau ne sabuwar ta fi sumul. Hannunshi ne ya shekara da shekaru yana tahiya kusurwar hagu, sai aka wayi gari ba kowa wurin. Ba shi kaɗai ba ne kuma, lokacin da Windows 8 ta fito a 2012 aka cire maɓallin gaba ɗaya duniya ta yi ca har sai da suka mayar da shi a 8.1 cikin 2013, kuma a wannan tsakanin ne Classic Shell, manhajar mayar da démarrer irin na da, ta yi suna, wadda mai ita Ivo Beltchev ya ajiye a ƙarshen 2017 wasu suka ɗauka suka ci gaba da sunan Open-Shell. Mutane ba kwalliya suka bi ba, wurin da suka saba suke nema.

Ƙanena ɗan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya kawo shiga, kamar shigar gargajiya, shigar Larabawa, sai a ce ta yi shigar XP. Wallahi Hausa ce mai daɗi kuma ma'anar ta hau. Sai dai a aikinmu shiga ta riga ta yi yawa, shiga intanet, shiga Facebook, shigar da lambar sirri, shigar da manhaja. Ka ce ma yaron shago yi mata shigar XP, rabin yaran da na sani za su ɗauko faifan XP su shigar. Abin da muke gudu ke nan.

Amma ƙanena ka tuna mani da wani abu, shigar burtu, yadda maharbi ke ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa yana tahiya har nama ya saki jiki. Wannan kam a riƙe ta, don akwai abin da ya dace da ita sarai. Akwai masu ɗaukar tsohuwar inji ta hannu mai Windows 7, wadda ita ma an daina yi mata gyara tun 14 ga Janairu 2020, su ɗora mata kamannin 11 su kai kasuwa a ce sabuwa ce. Kuma abin zai ƙaru, tunda Windows 10 wa'adinta ya cika tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 11 tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin inji, wanda tsofaffin injuna da yawa ba su da shi. Haka waɗannan tarkacen da ke yawo a kile USB, a ce danna sau guda komi ya koma XP, ba ka san wanda ya haɗa su ba kuma suna taɓa fayilolin Windows na ciki, na sha ganin inji ta ƙi tashi bayan su ko ta kwaso birus. To wannan shi ne shigar burtu. In za ka sayi ordinatar danna maɓallin Windows tare da R ka rubuta winver, za ta nuna maka wace ce a ƙarƙashi.

To ni dai da na kwana da abin, riga ce ta tsaya mani. Ku gwada ta a baki ku ji: sa mata rigar XP, cire mata rigar nan, canza mata riga, wagga Windows 11 ce da rigar 7. Duk aikatau ɗin da muke buƙata suna nan tun fil azal ba sai an ƙera ba, kuma ko yaro ɗan shekara biyar ya san in ka sa rigar kakanka ba ka zama kakanka ba. Har Linux, wani tsarin ordinatar daban da Windows, ta shiga ciki, akwai Chicago95 da ke sa ta ta fito kamar Windows 95, ka ga sai a ce Linux ce da rigar 95 magana ta ƙare. Wanda suke cewa kilasik ko retiro kuma sai mu ce rigar da, ko ta tsohon yayi.

Yaya, na ga ƙorahinka kuma yana da ƙarhi, ka ce a Maradi in an ce rigar ordinatar ai ƙyallen da ake lulluɓa mata ne saboda ƙurar hunturu, kuma wasu na ce ma robar bayan waya riga. Haka ne, ni ma akwai irin wannan ƙyallen a shagona tela ya ɗinka mani. Amma lura, ba mu cewa rigar ordinatar, rigar XP muke cewa, rigar 7, rigar da. Sunan da ke biye da ita shi ke raba gardama, ba wanda zai ji rigar XP ya tahi wurin tela. In ba suna a biye to a ce rigar allo. Hausa ta saba da haka, bakin mutum daban bakin kasuwa daban bakin rijiya daban ba mu taɓa ɓacewa ba.

Wani ma'aikacin gyara ɗan'uwana daga Damagaram ya yi tambayar da ta fi kowace wuya, ya ce to Open-Shell fa, ai ba launi kaɗai take canzawa ba har inda abubuwa suke da yadda ake kai gare su, ita ma riga ce? Na daɗe kan wannan. Abin da na gani hawa ukku ne muke haɗawa wuri guda. Akwai hoton da ke baya, wannan hoton bango ne, ba ya buƙatar wata kalma. Akwai launi da siffar taga da alamomi da ƙarar da take yi in ta tashi, wannan shi ne riga. Sai na ukkun, wanda ke mayar da démarrer inda yake a da ya jera abubuwa yadda aka saba, ni wannan ɗinki zan ce mashi. Don in mutum ya shekara ashirin aljihunshi na gefe sai aka ba shi riga mai aljihu a ƙirji, ko launinta ɗaya da tsohuwar hannunshi gefe zai riƙa zuwa yana dawowa wayam. Alhaji ba launi ya rasa ba, aljihu aka matsar mashi. Saboda haka rigar XP da ɗinkin XP, ko a taƙaice rigar XP in ba a cikin shago ake maganar ba. StartAllBack da Start11 su ma masu ɗinki ne, sai dai su na kuɗi ne, Open-Shell da RetroBar kyauta.

Mushe na ga ka dawo ka ce kayan aro ba ya rufe katara. Ai shi ya sa ma kalmar ta dace, don rigar ba ta rufe komi ba, in Alhaji ya buɗe Paramètres fuskar 11 zai gani tsirara, kuma wata sa'a in sabon gyara ya sauko daga Microsoft sai ɗinkin ya warware a sake zama a kanshi. Na faɗa mashi haka tun kafin ya tashi don kar ya ce na ɓoye.

Yau da hantsi ya aiko yaro karɓar takardar shaidar aiki, na rubuta a kai Windows 11, rigar XP da ɗinkinta. Bayan la'asar sai ga shi da kanshi tare da maƙwabcinshi na kasuwa riƙe da tashi ordinatar, tun daga bakin ƙofa nike jin yana yi mashi bayani, yana cewa kai sabuwa ce fil, tsohuwar riga ce yaron ya sa mata. Maƙwabcin ya ajiye tashi kan tebur ya ce shi ta 7 yake so.