Me ya sa ba a sayar da wasu ƙananan bindigogi a shagunan Kalifoniya?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son a fayyace mini dalilin da ya sa dillali a jihar Kalifoniya ba ya iya sayar da ƙaramar bindigar da ake sayarwa a fili a Arizona, alhali duka jihohin biyu a Amurka suke.

Ɗan Sakkwato:
Wa alaikumus salam, Malam. Dokar tarayya ce ke ba dillali lasisi, amma jiha na da ikon ƙara nata sharuɗɗa. Tun 2001 Ma'aikatar Shari'a ta Kalifoniya ke riƙe da jerin samfuran da aka amince dillalai su sayar, kuma kafin samfuri ya shiga sai an gwada guda uku, a harba harsashi 600 da kowacce, sannan a saki bindigar daga tsayin mita 1 a kan kankare don a ga ko za ta tashi da kanta.

Uwar Gida:
Ƙari a kan bayanin Malam, daga 2013 an wajabta wa sababbin samfura su riƙa buga lambarsu a jikin kwanson harsashi, sharaɗin da kamfanoni suka ce ba zai yiwu ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa sababbin samfuran kamfanin ƙera bindigogi na Glock suka kasa shiga jerin, tsofaffin kuwa suka zauna a ciki. A 2023 kotun tarayya ta dakatar da wannan sharaɗi. Abin da ke damuna shi ne an keɓe 'yan sanda daga dokar, kuma idan bindiga ba ta da aminci ga talaka, ban ga yadda za ta zama amintacciya a hannun jami'i ba.

Ɗan Sakkwato:
Haka ne, Hajiya. Maryland da Massachusetts ma suna da irin wannan jeri.